Amsoshin Tambayoyinku: Kofin Jami'ar Mishigan na Kakar 2023 da Zargin da Ya Biyo Shi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ne ga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ɗaliban jami'o'i ke bugawa, kuma mafi yawansu sun tsaya ne a kan ƙungiya ɗaya da kaka ɗaya, wato ƙungiyar Jami'ar Mishigan da abin da ta yi a shekarar 2023. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ga hoton wani fili maƙil da jama'a, aka ce mini wai wasan ɗalibai suka je kallo. Wane irin wasa ne wannan, kuma me ya sa ake ba wasan 'yan makaranta irin wannan muhimmanci? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka bai yi maka ƙari ba. Filin Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor yana ɗaukar mutum 107,601, shi ne fili mafi girma a duk Amurka, kuma kusan duk Asabar ɗin da ƙungiyar ke wasa a gida sai ya cika. Dalilin wannan ɗoki tsoho ne: a jami'o'i wasan ya fara, tun karawar da aka yi tsakanin Rutgers da Princeton a 1869, shekaru masu yawa kafin a kafa gasar ƙwararru ta NFL, saboda haka a jihohi da dama ƙungiyar jami'a ita ce ƙungiyar gari, ita kaka ya goya wa baya, ita jika yake goya wa. Mishigan ta fara wasa a 1879.

Shi kansa wasan ya fi kama da zari-ruga a kan ƙwallon ƙafar da muka sani. Kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya a fili. Wanda ƙwallo ke hannunsa yana da yunƙuri huɗu ya ci yadi goma na ƙasa, ko ta hanyar gudu da ƙwallon ko ta hanyar jefa ta ga abokin wasa. In ya ci, a sake ba shi wasu huɗu, in ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo can ƙarshen filin abokan hamayya, abin da za mu riƙa kira shiga gida, ya sami maki shida, sannan a ba shi damar ƙara ɗaya ko biyu. Wanda ya buga ta tsakanin turaku biyu ya sami maki uku. Ana tsayawa bayan kowane yunƙuri, koci ya aika wa 'yan wasansa dabarar da za su yi a na gaba. Ka riƙe wannan batu na aika saƙo, domin a kansa rigimar kakar 2023 ta taso.

Tambaya: An ce Mishigan ta yi wasa goma sha biyar a kakar ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ƙarfi ne ya ba ta wannan, ko kuwa raunanan ƙungiyoyi aka haɗa ta da su? Daga wani mai bibiyar wasanni.

Amsa: Malam, duka biyun suna nan, amma ba a lokaci guda ba. Wasanni tara na farko, daga Satumba zuwa farkon Nuwamba, ba su da wani armashi, kuma masu sukar jadawalin suna da gaskiya. Ƙungiyoyi uku na farko, East Carolina da UNLV da Bowling Green, ba sa'o'in Mishigan ba ne, kuma a gidanta suka same ta. Ko da aka shiga wasannin rukuninta na Big Ten, wanda a lokacin yake da jami'o'i 14, labarin bai canza ba: ta ci Nebraska 45 da 7, ta ci Minesota 52 da 10, ta ci Indiyana 52 da 7, ta je gidan maƙwabciyarta Michigan State ta yi mata 49 da babu. A waɗannan wasanni tara, maki 60 kacal aka iya zura mata gaba ɗaya. Wannan yana nuna cewa masu tsaron bayanta ba abin wasa ba ne, amma ba ya nuna ko za su iya tsayawa gaban babbar ƙungiya.

Sauran wasanni shida ne suka ba da amsa, kuma kafin a fahimce su sai an koma baya kaɗan. Jim Harbaugh, wanda ya taɓa zama mai jefa ƙwallo a wannan jami'a a shekarun 1980, ya karɓi aikin koci a 2015 da alƙawarin dawo da martabar ƙungiyar, sai ga shi ya sha kashi sau biyar a jere a hannun babbar abokiyar gaba, Jami'ar Jihar Ohayo. A 2020 ƙungiyar ta ci wasa biyu ta faɗi huɗu, har aka rage masa albashi, mutane da yawa suna ganin korarsa kawai ta rage. Daga 2021 al'amura suka juya: ta doke Ohayo 42 da 27, a 2022 ta sake doke ta 45 da 23, amma duk shekarun biyu sai a fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, Jojiya ta yi mata 34 da 11, TCU ta yi mata 51 da 45.

Abin da ya bambanta 2023, a ganina, shi ne manyan 'yan wasan da suke da damar tafiya gasar ƙwararru su fara karɓar albashi amma suka zaɓi su ƙara shekara ɗaya. A cikinsu akwai Blake Corum, gajeren mai gudu da ƙwallo wanda ya ji rauni a gwiwa a Nuwambar 2022, da Zak Zinter da Trevor Keegan, ƙartin da ke buɗe masa hanya. Akwai wata magana ta tsohon kocin jami'ar Bo Schembechler da magoya bayan Mishigan ba sa gajiya da maimaitawa, cewa waɗanda suka tsaya su ne za su zama zakaru, kuma a wannan shekarar maganar ta faɗa daidai. Ƙungiya ce ta manya waɗanda suka daɗe tare, kowa ya san motsin ɗan'uwansa, kuma salonta ba shi da ƙawa: a danne abokin karawa da gudu, a cinye lokaci, a hana shi ƙwallo, a bar masu tsaron baya su ƙarasa aikin.

Wasan ranar 11 ga Nuwamba a gidan Penn State ya nuna wannan salon tsirara. Mai jefa ƙwallon Mishigan, J.J. McCarthy, sau takwas kawai ya yi jifa a duk wasan, kuma ƙungiyar ta rufe wasan da gudu sau 32 a jere. Kowa a filin, daga 'yan kallo sama da dubu ɗari har zuwa masu tsaron bayan Penn State, ya san abin da za a yi, aka kuma yi shi, aka tashi 24 da 15. Mako guda bayan haka ta sha da ƙyar a hannun Maryland da 31 da 24, nasarar da ta sa ta zama jami'a ta farko da ta ci wasa 1,000 a tarihi.

Sai ranar 25 ga Nuwamba, Ohayo ta zo Ann Arbor, kowace a cikinsu ta yi wasa goma sha ɗaya ba a ci ta ba, wanda ya faɗi kuwa kusan ya yi ban kwana da kofin ƙasa. Ana 17 da 17 a kashi na uku cikin huɗu na wasan, Zinter ya faɗi, ƙafarsa ta karye a ƙashi biyu. Aka tsayar da wasa, abokansa suka durƙusa, aka ɗauke shi a kan ƙaramar mota 'yan kallo suna kiran sunansa. Da aka dawo, a yunƙuri na farko Corum ya tsaga tsakiya ya yi gudun yadi 22 ya shiga gida, ya juyo wajen kyamara ya ɗaga yatsu shida, sannan biyar, wato lambar rigar Zinter, 65. A ƙarshen wasan Mishigan ta riƙe ƙwallo na kusan minti bakwai ta ƙara maki uku, ta bar wa Ohayo ɗan abin da ya wuce minti ɗaya, sannan mai tsaron bayanta Rod Moore ya cafe jifan ƙarshe na Kyle McCord, mai jefa ƙwallon Ohayo, aka tashi 30 da 24. Kofin Big Ten da ta ɗauka mako guda bayan nan, inda ta ci Ayowa 26 da babu, cike gurbi ne kawai.

Tambaya: Na ji cewa kocin nasu bai halarci wasanni shida ba saboda dakatarwa, kuma an zargi ƙungiyar da satar sirrin abokan karawa. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama, dakatarwa biyu ce, kuma ba laifi ɗaya ya jawo su ba. Ta farko, wadda ta shafi wasanni uku na farkon kaka, jami'ar ce da kanta ta ɗora wa Harbaugh, domin ta sassauta hukuncin da take hangen zai zo daga hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA a kan zargin ganawa da yaran da ake zawarcin su shigo ƙungiyar a lokacin da aka haramta hakan saboda annobar korona. Wannan ba ta girgiza kowa ba, tun da ƙungiyoyin da aka kara da su ba masu ƙarfi ba ne.

Ta biyu ita ce mai nauyi. Kamar yadda na faɗa a sama, koci yana aika dabara ga 'yan wasansa kafin kowane yunƙuri. A gasar ƙwararru ta na'urar magana da ke cikin hular kwano ake yin haka, amma a jami'o'i, har zuwa kakar 2023, da alamun hannu da alluna masu hotuna ake yi daga gefen fili, kowa yana gani. Dokar ba ta hana ka zura ido a lokacin wasa ka gane ma'anar alamun abokin karawarka ba, kuma kusan kowace ƙungiya tana da mai wannan aiki. Abin da ta hana, tun 1994, shi ne a tura mutum ya je filin wata ƙungiyar da za a kara da ita nan gaba domin leƙen asiri, haka kuma ta hana ɗaukar alamun da kyamara.

A tsakiyar Oktoban 2023 labari ya fito cewa wani ƙaramin ma'aikacin ƙungiyar, Connor Stalions, tsohon hafsan sojan ƙundumbalar ruwa, ya daɗe yana sayen tikitin wasannin wasu ƙungiyoyi yana tura mutane su zauna daidai inda za su hangi bencinsu, su ɗauki alamun da wayar hannu su aiko masa. Shi kuma ya zauna ya haɗa kowace alama da dabarar da ta biyo bayanta, ranar wasa ya tsaya kusa da manyan kociyoyi yana raɗa musu abin da ke tafe. An dakatar da shi ranar 20 ga Oktoba, ya ajiye aiki ranar 3 ga Nuwamba. Sauran kociyoyin Big Ten suka matsa wa shugaban rukunin, Tony Petitti, lamba, shi kuma ranar Juma'a 10 ga Nuwamba, lokacin da ƙungiyar take cikin jirgi a kan hanyarta ta zuwa wasan Penn State, ya sanar da hana Harbaugh shiga fili a wasanni uku da suka rage kafin wasannin neman kofi. An bar shi ya horar da su a tsakiyar mako, ranar wasa kuwa sai dai ya kalla daga nesa. Jami'ar ta garzaya kotu, daga baya ta janye ta karɓi hukuncin, kuma a makon da ta janye ɗin ta sallami ɗaya daga cikin mataimakan kocin, Chris Partridge. Sherrone Moore, mai kula da ɓangaren kai hari, shi ya riƙe ƙungiyar a wasannin Penn State da Maryland da Ohayo, kuma mutane da yawa suna tuna yadda ya fashe da kuka a gaban kyamara bayan na farkon.

Harbaugh ya dage a kan cewa bai san abin da Stalions yake yi ba, kuma rukunin Big Ten da kansa ya ce ba shi da hujjar cewa ya sani, hukuncin na jami'a ne aka ɗora a kan shugaban ƙungiyarta. Ni dai abin da ban gamsu da shi ba shi ne rigar wanda aka zalunta da 'yan Mishigan suka saka a lokacin, har suna buga riguna masu cewa su kaɗai ne a gefe ɗaya, duniya duka tana ɗaya gefen. Ba wanda ya ƙirƙira musu tikitin nan, da sunan ma'aikacinsu aka saye su.

Tambaya: Me ya sa aka ce an zalunci wata ƙungiya a waccan shekarar wajen zaɓen waɗanda za su nemi kofi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Jami'ar Jihar Fulorida ake nufi. Manyan ƙungiyoyi sun haura 130, ba zai yiwu kowace ta kara da kowace ba, don haka wani kwamiti mai mutum 13 ne yake zaɓen waɗanda za su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, kuma a 2023 gurbi huɗu ne kawai. Fulorida ta ci wasanninta 13 duka, amma mai jefa ƙwallonta Jordan Travis ya karye a ƙafa a Nuwamba, sai kwamitin ya ce ba ita ce ƙungiyar da aka sani ba, ya ɗauki Mishigan da Washinton da Teksas da Alabama, alhali biyun ƙarshe kowace ta faɗi wasa ɗaya. Wannan ne karon farko da aka bar zakaran babban rukuni wanda ba a doke shi ba a waje. Ina ganin an zalunce su, domin hukunci aka yi musu a kan hasashe, ba a kan abin da suka yi a fili ba. Daga 2024 an faɗaɗa guraben zuwa 12.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a ba mu labarin wasannin ƙarshe guda biyu. Wanne ne ya fi wuya? Daga wani matashi.

Amsa: Ɗana, na kusa da na ƙarshe ya fi wuya nesa ba kusa ba. An yi shi ranar 1 ga Janairun 2024 a filin Rose Bowl da ke Pasadena a jihar Kalifoniya, da Alabama ta Nick Saban, mutumin da ya ɗauki kofin ƙasa sau bakwai. Masu tsaron bayan Mishigan sun kayar da mai jefa ƙwallon Alabama, Jalen Milroe, sau biyar kafin a tafi hutun rabin lokaci, amma masu bugun ƙafa da masu tarar ƙwallonta suka yi ta ɓarnar da ta kusa kashe ta: ƙwallo ta suɓuce musu, bugun ƙarin maki ya lalace, wani bugun maki uku ya kauce. Saura 'yan mintoci a tashi Alabama tana gaba da 20 da 13.

A nan ne aka zo yunƙuri na huɗu, saura yadi biyu, kuma Mishigan tana cikin nata rabin filin, in ta kasa kakar ta ƙare ke nan. Ƙungiyar da aka sani da gudu sai ta yi jifa: McCarthy ya miƙa wa Corum gajeriyar ƙwallo a gefe, ya ruga da ita yadi ashirin da wani abu. Roman Wilson ya yi tsalle ya cafe wata da hannun ɗan Alabama ya taɓa, sannan shi ne ya shiga gida saura minti ɗaya da rabi, aka yi kunnen doki 20 da 20. Kafin a tashi ma sai da wata ƙwallon ta sake suɓucewa a bakin gidan Mishigan, mai tarar ya faɗa kanta da ƙyar.

A ƙarin lokaci na wasan jami'o'i, kowace ƙungiya ana ajiye mata ƙwallo yadi 25 daga gidan abokiyar karawa. Corum ya gama nasa aikin da gudu biyu, na biyun yadi 17, yana juyi yana kakkaɓe masu riƙe shi. Alabama ta matso har saura yadi uku, yunƙuri na huɗu. Ƙwallon da aka miƙo wa Milroe ta zo ƙasa-ƙasa, ya sunkuya ya ɗauka ya kutsa tsakiya, ya tarar da bango. Aka tashi 27 da 20, kuma kwana tara bayan nan Saban ya yi ritaya.

Wasan ƙarshe, ranar 8 ga Janairu a birnin Houston, ya zo da sauƙi fiye da yadda aka zata. Washinton ma ba a doke ta ba a wasa 14, kuma tana da Michael Penix Jr., ɗaya daga cikin gwanayen jifa na shekarar. Tun a kashi na farko Donovan Edwards, wanda kakar ba ta yi masa kyau ba, ya shiga gida sau biyu da gudun yadi 41 da yadi 46. Washinton ta matso har 20 da 13, ta tsaya a nan. An cafe jifan Penix sau biyu, na biyun Mike Sainristil ne, wanda a da mai karɓar jifa ne kafin a mayar da shi tsaron baya, ya kuma ruga da ita yadi 81. Mishigan ta yi gudun yadi 303 a daren, aka tashi 34 da 13. Kofinta na farko ke nan tun 1997, wanda ma raba shi ta yi da Nebraska. In ana maganar wanda ta ɗauka ita kaɗai, sai an koma 1948. A duk kakar, abin da ake zura mata bai wuce maki 10.4 a kowane wasa ba, mafi ƙanƙanta a ƙasar, Corum kuma ya shiga gida da gudu sau 27.

Tambaya: Su waɗannan yara ana biyansu ne? Kuma suna karatun kuwa? Daga wani uba.

Amsa: Alhaji, a kan takarda ɗalibai ne, dole su yi rajistar darussa su kuma ci jarrabawa gwargwadon da doka ta gindaya kafin a bar su su yi wasa. A 2023 kowace babbar ƙungiya tana da gurbin tallafin karatu 85, wanda ya ƙunshi kuɗin makaranta da masauki da abinci, kuma ɗalibi yana da kaka huɗu da zai buga cikin shekara biyar. Shekaru da dama wannan tallafin shi ne iyakar abin da doka ta yarda a ba su, alhali kociyoyi suna karɓar miliyoyin daloli, kuma yarjejeniyar talabijin da Big Ten ta fara a 2023 ta haura dala biliyan 7 a shekara bakwai. Daga Yulin 2021 aka ba 'yan wasa izinin samun kuɗi da sunansu da hotonsu ta hanyar talla, kuma magoya bayan Mishigan sun yi amfani da wannan dama suka tara gudummawa domin manyan 'yan wasansu su ƙara shekara. Daga 2025 kuma, bayan wani sulhu da aka yi a kotu, jami'o'i suna iya biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. Sana'a ce sanye da rigar makaranta, kuma kaɗan ne daga cikin masu yin ta suke kaiwa gasar ƙwararru, wadda ba a shigarta sai an cika shekara uku da gama sakandare.

Tambaya: Tun da an tabbatar an karya doka, ba ya kamata a ƙwace kofin ba? Kuma ina aka kwana? Daga wani lauya.

Amsa: Barista, hukumar NCAA ta yanke hukuncinta a watan Agustan 2025, kuma ba ta ƙwace kofin ba, ba ta soke nasara ko ɗaya ba. Ta tabbatar cewa an yi leƙen asirin sau 56 a kan ƙungiyoyi 13 tsakanin 2021 da 2023, ta kuma ce an lalata wasu hujjoji an ƙi ba masu bincike haɗin kai. Ta ci jami'ar tarar da aka ƙiyasta ta haura dala miliyan 20, ta sanya wa Stalions takunkumin aiki a wasannin jami'o'i na shekara takwas, ta sanya wa Harbaugh na shekara goma a kan na shekara huɗu da ta riga ta ɗora masa a 2024 saboda batun zawarcin yara. Ta ce ba ta hana ƙungiyar shiga wasannin neman kofi ba ne domin kada a hukunta ɗaliban da ba su nan lokacin da aka yi laifin.

Nawa ra'ayin shi ne kofin na 'yan wasan ne, kuma hujjata tana cikin kalanda. Stalions ya bar gefen fili tun 20 ga Oktoba, duniya duka ta san zancen, kowace ƙungiya ta sami lokacin canza alamunta, kuma duk wasannin da suka yi wuya, Penn State da Ohayo da Alabama da Washinton, bayan nan aka buga su. Sanin alama ba shi ne ya tura ƙartin Penn State baya sau 32 ba, tun da a ranar ba wani sirri da ya rage a ɓoye. Shugaban NCAA Charlie Baker ma ya faɗa bayan wasan ƙarshe cewa Mishigan ta ci kofinta ta hanyar da ta dace.

Inda tabon yake shi ne 2021 da 2022, shekarun da ƙungiyar ta tashi daga ƙasa ta fara doke Ohayo, waɗanda kuma su ne suka ba ta ƙwarin gwiwa da sunan da ya riƙe manyan 'yan wasanta. Wanda ya ce leƙen asirin bai ƙara komai ba sai ya gaya mana dalilin da ya sa mutum zai kashe dubban daloli da shekara uku a kan abin da ba shi da amfani. Hukuncin kuma, a gaskiya, ya fi cizon asusun jami'a a kan mutanen da ke da alhaki, domin takunkumin Harbaugh a wasannin jami'o'i kawai yake aiki, shi kuwa tun 24 ga Janairun 2024, kwana goma sha shida bayan ɗaukar kofi, ya koma gasar ƙwararru ya karɓi ƙungiyar Los Angeles Chargers.

Sauran ma watsewa suka yi. An ɗauki 'yan wasan Mishigan 13 a zaɓen NFL na 2024, adadin da jami'ar ba ta taɓa kaiwa ba, McCarthy ya tafi Minnesota Vikings a matsayi na goma bayan ya ci wasa 27 ya faɗi ɗaya tak a matsayin mai jefa ƙwallon farko. Sherrone Moore ya gaji kujerar koci, kuma a kakar 2024 ƙungiyar ta ci wasa takwas ta faɗi biyar, ko da yake ta sake doke Ohayo 13 da 10 a gidan Ohayon, a shekarar da Ohayon ta je ta ɗauki kofin ƙasa. A wannan kakar ce kuma aka halatta wa jami'o'i sanya na'urar magana a hular kwanon ɗan wasa ɗaya na kowane ɓangare, yadda koci zai faɗa masa dabara a kunne ba tare da ya ɗaga allo ba.